Me Ya Sa Bindigar Toka Ke Ƙin Tashi? Daga Libarbar Amurka Zuwa Maƙeran Ikara, Maƙarfi Da Kudan

A hawan sallar Zazzau, idan 'yan bindigar sarki suka jeru suka ɗaga bindigoginsu sama, ba duka ke tashi ba. Goma za su ja kunama, takwas su yi tsawa hayaƙi ya turnuƙe, ɗaya ta ce ƙyas ta yi shiru, ɗaya kuma sai bayan mai ita ya fara sauke ta sannan ta amsa. Da yake yanzu kusan kowane matashi wayarsa na sama yana ɗauka, irin wannan bidiyon shi ya fi yawo, ana ta dariya. Wadda ta yi shiru ita ake yi wa dariya, amma wadda ta makara ita ce abin tsoro, kuma za mu zo kanta.

Idan mai karatu ya kalli irin waɗannan bidiyoyi biyu ko uku a YouTube ko TikTok, manhajar za ta fara jero masa wasu: wani dattijon Ba'amurke a ɗakin aikinsa, ya warware tsohuwar libarba mai cin albarushi a kan tebur, yana bayanin yadda ya gyara ta har ta daina sarƙewa. Aikin yana da ban sha'awa, musamman ga wanda ya taso a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi, inda bindigar toka ba baƙuwa ba ce: mafarauta na da ita, masu gadin gonar masara da rake na da ita, tawagar hakimai kuma na tafiya da ita Zariya lokacin hawa. Tambayar da ke zuwa a zuciya ita ce, shin dabarun dattijon nan za su yi wa tamu aiki? Ciwon dai iri ɗaya ne. Maganin kuwa, wani sashe nasa zai yi, wani sashe ba zai yi ba, wani kuma gidan yari zai kai ka.

Sarƙa mai gaɓa biyar

Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma matsalar da ta fi cin rai a wannan sana'a ba ita ce wadda ke hana manhaja buɗewa gaba ɗaya ba. Waccan mai sauƙi ce. Mai wuyar ita ce wadda ke zuwa sau ɗaya cikin goma, ta yi aiki a wayarka ta ƙi a ta abokinka. Hanyar kama ta guda ce: ka raba aikin gaɓa-gaɓa, ka gano a wace gaɓa saƙon ya tsaya.

Bindiga mai cin albarushi ita ma haka take. Kunama ta saki guduma. Guduma ta daki wata 'yar hular tagulla mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa idan an buge shi. Hular tana zaune ne a kan wani ɗan tsinin ƙarfe mai rami a tsakiya, bari mu kira shi hanci. Tartsatsin ya bi ta ramin hancin ya shiga ciki. Albarushi ya kama. Gaɓa biyar ke nan, kuma kowace na iya yankewa ita kaɗai: sifirin ɗin guduma ya yi sanyi, hula ba ta zauna daidai ba, rami ya toshe da toka ko mai, ko albarushi ya sha danshi. Mai kallo daga nesa abu ɗaya yake gani, wato ta ƙi tashi. Maƙerin da ya san aikinsa kuwa tambayarsa ta farko ita ce: hular ta fashe ko ba ta fashe ba? Amsar wannan tambaya kaɗai ta raba masa matsalar gida biyu.

Ita kanta hular gyara ce da aka yi wa tsohon tsari. Kafin ita, dutsen ƙyastu ake ɗaura wa guduma, ya karci ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin wani ɗan cokali mai albarushi a gefen bututu. Irin waɗannan ne Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ciki har da 'yan kasuwar Denmak da ke da sansani a Ankara ta ƙasar Gana, inda bindigar ta samo sunanta na Turanci. Wani limamin coci ɗan Sukotlan mai suna Alexander Forsyth, mai sha'awar harbin agwagin ruwa, ya gaji da yadda tsuntsaye ke ganin walƙiyar cokalin su tashi kafin harbin ya fita. A 1807 ya yi rajistar dabarar kunna albarushi da duka maimakon ƙyastu, daga baya wasu suka mayar da ita 'yar hular tagulla. Sojan Ingila sun gwada tsarin biyu a Woolwich a 1834, harbi 6,000 kowanne. Mai ƙyastu ta riƙa ƙi kusan sau ɗaya cikin kowane harbi shida ko bakwai. Mai hula kuwa sau ɗaya cikin 166. Ban san wani sabunta manhaja da ya taɓa rage tangarɗa haka a tashi ɗaya ba.

Ciwon libarba

Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a Amurka a 1836. Dabarar ita ce ganga mai ramuka biyar ko shida da ke juyawa, kowane rami da albarushinsa da dalmarsa da hularsa. Wato ya ɗauki sarƙar nan mai gaɓa biyar ya ninka ta sau shida, sannan ya ƙara mata inji mai juyi. Duk wanda ya taɓa ƙara wa manhaja sabon abu ya san abin da ke biyo baya.

Samfurin Walker na 1847, wanda aka ƙera guda 1,100 kacal, nauyinsa ya kai kilo biyu. Idan aka harba, sandar ɗurin da ke ƙarƙashin bututu sai ta faɗo saboda girgiza ta tokare ganga, har sojoji suka riƙa ɗaure ta da tsirkiyar fata. Gangar wasu ma fashewa ta yi. Samfurin Dragoon da ya biyo baya a 1848 sai aka rage tsawon ganga aka kuma sa wa sandar makama a ƙarshenta. Gyaran da masu amfani suka fara yi da fata, kamfani ya mayar da shi ƙarfe.

Amma ciwon da ya fi shahara, wanda mafi yawan bidiyoyin nan ke magana a kai, shi ne na ɓaraguzan hula. Bayan harbi, hular tagullar ta riga ta yage. A samfuran Colt irin su Navy na 1851 da Army na 1860, saman ganga a buɗe yake, kuma idan aka ja guduma baya don harbi na gaba, yagaggiyar hular takan maƙale a fuskar guduma ta biyo ta, sannan ta faɗa cikin inji. Ɗan guntun tagulla da bai kai ƙwayar dawa ba sai ya tsayar da bindiga sukutum. Masu gyara na zamani sun bi matsalar gaɓa-gaɓa, sai suka tarar ba dalili ɗaya ba ne. Akwai wata 'yar tsaga a fuskar guduma da ke cafke tagullar. Akwai iskar wuta da ke dawowa baya ta ramin hanci, musamman idan ramin ya faɗaɗa da tsufa, ta ture guduma ta tarwatsa hula. Akwai kuma rashin dacewar girma: ana sayar da hula lamba 10 da lamba 11, amma lamba 10 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da lamba 10 ta wancan ba. Wanda ya yi zamanin da kowace waya ke da bakin cajarta daban, kafin USB-C ta fara haɗa kan kowa, zai gane wannan ciwon kai.

Gyare-gyaren da suke yi sun bi waɗannan dalilai ne: a goge fuskar guduma, a canza hanci da wanda ya dace da hular da ake samu, ko a kafa wani ɗan tsinke da ke tare hula kada ta bi guduma baya. Libarbar Remington, wadda aka fi sani da ta 1858, tana da ƙarfe a saman ganga, don haka ɓaraguzai ba su cika faɗa mata ciki ba. Sai dai ita kuma sandar da ganga ke juyawa a kai siririya ce, toka kan ɗaure ta da wuri, alhali ta Colt mai kauri ce da tsagogin riƙe giris. Ka magance nan, can ya buɗe.

Akwai kuma mafi muni, inda wuta ke tsallakawa daga rami ɗaya zuwa na kusa da shi, biyu ko uku su tashi tare. Sakakkiyar hula ko dalmar da ba ta cika bakin rami ba su ne ƙofofin da wutar ke bi. Abin lura shi ne ba gyaran maƙeri ne ya kawo ƙarshen waɗannan matsaloli ba. Harsashi mai kwanson tagulla ne, wanda ya haɗa hula da albarushi da dalma wuri ɗaya a rufe. Zuwa 1873 Colt da kansu sun koma kansa.

Tamu ta gida

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. Sunan ma daga Larabci muka aro shi. Mai Idris Alauma na Barno yana da mayaƙa masu bindiga tun ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye masu bindiga a matsayin dakarun tsaronsa. A Damagaram, Sarki Tanimu har igwa da albarushi aka riƙa yi masa a Zindar. A Zazzau, Sarki Yero ya yi suna da rundunarsa ta 'yan bindiga a shekarun 1890. Abin takaici, yau idan ka ce "'yan bindiga" a Jihar Kaduna, ba dakarun sarki ke zuwa wa mutum a rai ba, sai ka ƙara bayani.

Bindigar toka bututu ɗaya gare ta, ba ganga, don haka ciwon ɓaraguzan hula bai dame ta ba. Abokan gabarta biyu ne: toka da ruwa. Albarushi ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa yakan rage a matsayin ƙura da dauɗa, wani ya fita da hayaƙi, wani ya manne a bututu da ramin hanci. Wannan dauɗar tana janyo danshi daga iska, kuma tana cin ƙarfe. Bindigar da aka harba ranar hawa aka jingine a bayan ƙofa ba a wanke ba, tsatsa na aikinta a ciki har sallar da ke tafe, alhali daga waje tana ƙyalli an shafe ta da mai. Shi kansa man, idan ya kwanta a ramin hanci, kashe tartsatsi yake yi.

Ga wani abu da mai karatu zai iya dubawa a bidiyoyin da ke wayarsa. Babbar sallah ta faɗo a ƙarshen Yuli a 2020, ranar 20 ga Yuli a 2021, farkon Yuli a 2022, ƙarshen Yuni a 2023. Duk cikin damina ke nan. Da yake kalandar Musulunci na ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, ƙaramar sallah yanzu ta koma cikin rani, lokacin da iska ta bushe ƙayau. Bindiga ɗaya, mutum ɗaya, albarushi daga hannu ɗaya, amma yanayi daban. Kafin a zargi maƙeri, a tambayi wata. Haka mai gadin rake a fadamun Maƙarfi, wanda bindigarsa ke kwana a ɗure cikin raɓa, bai kamata ya yi mamaki ba idan ta yi masa gardama da asuba.

A nan ne nake ganin bidiyoyin Amurka suna da amfani, domin abin da masu hankalin cikinsu ke nanatawa ba ya buƙatar walda ko zarto: a wanke, a busar, a tabbatar rami a buɗe yake, a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda don a san wanne ne ya yi magani. Gyaran da ke kashe mutane shi ne na gajeriyar hanya. Ta ƙi tashi, sai a ƙara albarushi. Ta yi rauni, sai a faɗaɗa rami. Mafi haɗari duka, a fasa harsashin zamani a juye garinsa a bindigar toka. Wancan gari daban ne, matsin da yake haifarwa ya fi ƙarfin bututun da aka yi don albarushi nesa ba kusa ba, kuma ko kamfanonin Turai da ke ƙera irin waɗannan bindigogi da ƙarfe mai kyau suna rubuta gargaɗin a jikin bututu.

Wadda ta makara

Mu koma kan ta goman nan. Idan albarushi ya ɗan sha danshi ko rami ya kusa toshewa, wuta kan shiga ta riƙa ci a hankali. Daƙiƙa ɗaya, biyu, wani lokaci fiye. Kamar ka danna tura kuɗi a manhajar banki, allo ya tsaya cik, ka ɗauka bai tafi ba. Wanda ya ƙware ya san bai kamata ya sake dannawa ba. Wanda bai ƙware ba yakan tura sau biyu. Bambancin shi ne a nan ba a mayar da kuɗi.

Ƙa'idar da masu koyar da harbi ke bi ita ce, idan ta ƙi tashi, bakinta ya ci gaba da kallon inda ba kowa, a jira aƙalla minti guda, kada a leƙa bututu, kada a juya ta wajen jama'a don nuna wa aboki. A filin hawa, inda dawaki da yara da masu ɗaukar bidiyo ke matse da juna, wannan minti gudan shi ne duk tsaron da ake da shi. Ni a ganina masu ɗauka da waya sun ƙara wa lamarin haɗari, domin kowa so yake ya matso ya samu hayaƙin a kusa.

Sai kuma ɗuri a kan ɗuri. Cikin hayaniya, inda bindigogi da yawa ke tashi tare, mutum bai cika sanin tasa ba ta tashi ba, sai ya sake ɗurawa. Ba ƙauyanci ba ne, ya faru ga sojoji. Bayan yaƙin Gettysburg a Amurka a 1863, an tsinci bindigogi fiye da 27,000 a fili. Kusan 24,000 a ɗure suke, kuma aƙalla rabinsu an ɗura musu fiye da sau ɗaya. An samu guda mai ɗuri 23. Tsoffin maharba suna yi wa sandar ɗuri alama a daidai inda take tsayawa idan bututu ba komai, ta yadda da an zura ta za a san ko akwai saura a ciki. Wannan alamar ba ta cin ko sisi.

Kada kuma a ce ai ta hawa ba harsashi a ciki. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu a 1993 wajen ɗaukar fim ɗin The Crow da harbin da ba harsashi a cikinsa. Wani kan harsashi ne ya maƙale a bututun libarba tun farko ba wanda ya duba, harbin wasan ya tunkuɗo shi. Duk abin da ke cikin bututu, tsumma ne ko tsakuwa ko gidan zanzaro, harsashi ne idan wuta ta zo bayansa.

Abin da maƙeranmu suka rasa

Libarbobin da ke cikin bidiyoyin nan yawancinsu ba na 1851 ba ne. Kwafi ne da kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta ke ƙerawa a lardin Brescia. Kafin kowace ta fita kasuwa, sai ta bi ta gidan gwaji na gwamnati a Gardone Val Trompia, inda ake harba ta da ɗurin da ya fi na ƙa'ida, ba a hannun mutum ba, sannan a duba a buga mata hatimi. Ingila na da irin wannan gida a Birmingham tun 1813. Wato dattijon nan da ke goge fuskar guduma yana gyara ƙananan abubuwa ne a kan bututun da wani ya riga ya tabbatar ba zai fashe ba.

Maƙerin Kudan ko Ikara da ke gyara garma da injin ban-ruwa da abin da ya samu a hannu ba basira ya rasa ba. Abin da babu shi ne wannan matakin gwajin. Bututun da ba a san asalin ƙarfensa ba, ba a san shekarunsa ba, ba a san zurfin tsatsar cikinsa ba, ranar gwajinsa ita ce ranar da yake kusa da fuskar mai shi. A sana'armu ba a gwada sabuwar manhaja a kan kuɗin jama'a, amma a nan da yatsun mutum ake gwaji. UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kamar yadda ta sa wasan dawaki da bindigogi na Maroko, Tbourida, a 2021. Idan har al'adar ta kai wannan daraja, ban ga abin da zai hana masarautu, tare da 'yan sanda da masu ilimin ƙarfe na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru, su riƙa duba bindigogin hawa kafin kowace sallah ba, a ajiye rajistar kowace: lambarta, mai riƙe da ita, ranar da aka duba ta, sau nawa ta ƙi tashi. Wannan rajistar ko a wayar Android mai araha za ta zauna, kuma duk ɗalibin da ya yi wata uku yana koyon rubuta manhaja zai iya gina ta.

Doka ba ta kallon YouTube

A Amurka, dokar tarayya na kallon bindigogin da aka ƙera kafin 1899, da kwafinsu masu cin albarushi, a matsayin kayan tarihi, shi ya sa dattijon ke warware tasa a gaban kyamara hankali kwance. Najeriya ba haka ba ne. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka, mai ƙyastu ce ko mai hula, tana kashi na uku, wanda lasisinsa ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Libarba da fistol kuwa suna kashi na farko, na haramtattu, tare da makaman yaƙi, kuma dokar ta ambaci masu ƙyastu da masu hula da sunansu don kada wani ya ce ai tsohuwar yayi ce. Lasisin wannan kashi sai daga shugaban ƙasa, kuma riƙe ta ba lasisi na iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara goma ba.

Gyara ma ba a sake yake ba. Ƙera bindigar toka ko gyara ta a matsayin sana'a na buƙatar izini a rubuce daga hukumar 'yan sanda. Don haka matashin da ya ga bidiyo ya nufi maƙera da hoton libarba a wayarsa yana cewa a yi masa irinta, ya jefa kansa da maƙerin cikin kashi na farko, a jihar da jami'an tsaro ke kama masu ƙera makamai a kai a kai, kuma bidiyon da ya ɗauka yana gwada ta a bayan gari shi ne shaidar farko da za a buɗe a gaban alƙali.